Dashen kitse da ƙwayoyin tushe: ina aka kwana?

Wanda wuta ta ci wa kunci, ko aka sara da adda a goshi, ko aka yanke wa wani sashe na mama saboda ciwon daji, yana iya fita daga asibiti da ƙafafunsa, dangi su yi masa barka da arziki, amma ya koma gida da rami a inda da can nama yake. Fatar wurin ta manne wa ƙashi, ta yi tauri, ko dariya ya yi ba ta motsawa. A Filato irin waɗannan mutane ba baƙi ba ne. Rikice-rikicen Jos na 2001 da 2008 da 2010, da bam ɗin kasuwar Terminus na watan Mayun 2014, an ƙirga waɗanda suka rasu a cikinsu, amma masu tabon da suka rayu ba a cika jin labarinsu ba. Ga kuma ƙunar da hunturu ke jawowa a wurare irin su Vom da Kuru da Bukuru, inda sanyi ke sa a kwana da garwashi a ɗaki, yaro ya mirgina cikin kasko, mai farfaɗiya ya faɗa murhu.

Da me za a cike irin wannan rami? Likitocin gyaran jiki sun gwada abubuwa da yawa, daga kakin farafin zuwa roba zuwa sinadaran da ake sayarwa a sirinji, kuma kowanne da cikas ɗinsa: wani jiki ya ƙi shi, wani ya zame daga inda aka sa shi, wani ya narke bayan watanni a sake biyan kuɗi. Abin da ya fi dacewa da jikin mutum shi ne kitsen mutumin kansa. Yana da laushi, jiki ba ya yaƙarsa tunda nasa ne, kuma yawancin manya suna da rarar da za a ɗiba a ciki ko a cinya. Matsalarsa guda ce, kuma ita ce ta hana likitoci sakat fiye da shekara ɗari: idan aka dasa shi, ba duka yake zama ba.

Tun 1893 wani likita Bajamushe, Gustav Neuber, ya yanko kitse daga hannun majiyyaci ya cike masa wani tabo da ya lotsa a gefen ido. Ya kuma lura da abin da har yau bai canza ba, cewa ƙananan gutsattsari suna kamawa, manya kuwa lalacewa suke yi. Bayan shekara biyu Vincenz Czerny ya ciro wani ƙullutun kitse daga bayan wata mata ya mayar mata da shi a gurbin abin da ya yanke daga mamanta. A 1950 Lyndon Peer na Amurka ya auna ya ga kitsen da aka dasa yana rasa kusan kashi 45 cikin ɗari na nauyinsa a cikin shekara guda. Har yanzu alƙaluman da ke fitowa a mujallun likitanci sun kama daga kashi 20 zuwa 80 na abin da ke saura. Tazarar ta yi yawa. Likitan da zai yi wa majiyyaci alkawari da irin waɗannan alƙaluma dole ya riƙa tauna maganarsa.

Dalilin mutuwar kitsen ba ɓoyayye ba ne. Kitse nama ne mai rai, kuma kowace ƙwayarsa tana jingine da wata siririyar jijiyar jini da ke kawo mata abinci da iskar oksijin. Da zarar an zuƙo shi an raba shi da wannan jijiya. A sabon wurin da aka kai shi, kafin sababbin jijiyoyi su tsiro su iske shi, ba shi da abin dogaro sai ɗan ruwan da ke tsattsafowa daga naman da ke kewaye da shi. Manomin rani ya san wannan hali a dashen tumatir: kwanakin farko kafin saiwa ta kama ƙasa su ne masu hatsari, wanda ya tsallake su ya tsira. Masu bincike a Tokyo ƙarƙashin Kotaro Yoshimura sun bi diddigin abin a jikin ɓeraye, suka wallafa a 2012. Sun ga ƙwayoyin kitsen da ke can baki-baki, cikin kaurin da bai wuce kashi ɗaya bisa uku na milimita ba, su ne ke rayuwa. Na ciki da su suna mutuwa tun a ranar farko. Sai dai a wannan zobe na biyu akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu juriya da ke iya kai kwana uku cikin ƙarancin iska, kuma idan jini ya iso kafin su ma su mutu, su ne ke haifar da sabon kitse a gurbin wanda ya mutu. Can tsakiya kuwa ba mai tsira. Jiki ya shanye man, ko ya kewaye shi ya zama ƙullutu mai tauri, wani lokaci har da ɗan alli a ciki, abin da kan rikita mai duba hoton mama ya ɗauka ciwon daji ne.

Likitocin yoyon fitsari a Jos da Kano da Babbar Ruga ta Katsina sun san ɗaya gefen wannan darasi. Akwai dabarar da ake jingina wa Heinrich Martius tun 1928, inda ake ɗauko kitsen leɓen al'aura a shimfiɗa shi kan ɗinkin da aka yi wa mafitsara, ba tare da an tsinke jijiyar da ke ciyar da shi ba. Ba kowane gyara ke buƙatar haka ba, amma inda aka yi, kitsen yana zama, domin ya taho da jininsa. Duk muhawarar da ake yi kan dashen kitse da allura tana komawa ga wannan tambaya: yaya za a yi jini ya iske shi kafin ya mutu?

Amsar farko ta hannu ce, babu wata sabuwar na'ura a cikinta. Bayan da Yves-Gérard Illouz na Faransa ya yaɗa hanyar zuƙe kitse da bututu mara kaifi a ƙarshen shekarun 1970, sai Sydney Coleman na birnin New York ya tsara yadda za a mayar da shi cikin jiki a shekarun 1990. A zuƙo a hankali da ƙaramin sirinji don kada a farfasa ƙwayoyin. A sa a na'urar da ke juya kwalabe da gudu, juyi 3,000 a minti har tsawon minti uku, sai abin ya rabu gida uku: mai a sama, jini da ruwan allurar kashe zafi a ƙasa, kitse mai kyau a tsakiya. Sa'an nan a riƙa zuba shi zare-zare, ɗan kaɗan a kowace shigar allura, a hawa daban-daban na naman, yadda kowane zare zai samu nama mai jini a gefensa. Aiki ne na haƙuri, kuma likitan da ya gaji ya danna sirinji gaba ɗaya a wuri guda ya riga ya kashe tsakiyar abin da ya zuba.

Amsa ta biyu ta fito daga ɗakin gwaje-gwaje. A 2001 Patricia Zuk da Marc Hedrick da abokan aikinsu a Jami'ar California da ke Los Angeles suka nuna cewa a cikin kitsen da ake zuƙewa a zubar akwai ƙwayoyin halitta da ba su riga sun zaɓi abin da za su zama ba. Idan aka rene su a kwalba aka canza musu abinci, suna iya komawa kitse, ko ƙashi, ko guringuntsi. Su ake kira ƙwayoyin tushe. Kafin nan ɓargo aka fi sani da irinsu, sai ga shi kitse ya fi ɓargo yawansu nesa ba kusa ba, kuma ɗibarsa ta fi sauƙi. Binciken da ya biyo baya, ciki har da wanda aka wallafa daga Indiana a 2004, ya nuna cewa suna fitar da sinadaran da ke kiran jijiyoyin jini su tsiro, kuma idan iska ta yi musu ƙaranci sai su ƙara yawan abin da suke fitarwa. Yoshimura kuma ya lura cewa kitsen da aka zuƙo da bututu yana da kusan rabin ƙwayoyin tushen da ke cikin kitsen da aka yanko da wuƙa, domin da yawansu suna maƙale a jikin manyan jijiyoyi da bututu ke bari a baya. Daga nan tunanin ya zo da kansa: tunda zuƙa ta rage su, kuma su ne masu juriya, su ne masu kiran jini, me zai hana a ƙara su a cikin kitsen kafin a dasa? A 2006 ƙungiyarsa ta wallafa wannan dabara.

Hanya biyu ake bi, kuma mai karatu ya riƙe bambancinsu domin 'yan talla suna son cakuɗa su. Ta farko a zama ɗaya ake gama ta. A zuƙo kitse ninki biyu na abin da ake buƙata, a narkar da rabi da wani sinadari mai sassake zaren da ke ɗaure nama, a tace, a samu ɗan guntun laka a gindin kwalba. Wannan laka ba zallar ƙwayoyin tushe ba ce, gauraye take da ƙwayoyin jini da na bangon jijiya da na garkuwar jiki. A zuba ta cikin ɗaya rabin, a dasa. Hanya ta biyu tana buƙatar tiyata sau biyu. A ɗebi kitse yau, a ware ƙwayoyin tushen, a rene su a ɗakin gwaje-gwaje mako biyu ko uku har su ninka zuwa ɗaruruwan miliyoyi, sa'an nan majiyyaci ya dawo a sake zuƙo sabon kitse a gauraya.

Gwajin da ya fi tayar da ƙura shi ne na Rigshospitalet a Copenhagen, babban birnin Denmak, wanda Stig-Frederik Kølle da abokansa suka wallafa a mujallar Lancet a 2013. Mutum goma masu lafiya aka kammala gwajin da su. An zuba wa kowannensu mililita 30 na kitse a bayan kowane dantse, ɗaya zallar kitse, ɗaya kuma an ƙara masa ƙwayoyin tushe da aka rena, miliyan 20 a kowace mililita. Bayan kwana 121 aka auna da na'urar hoto ta MRI. Wanda aka ƙara wa ƙwayoyi ya riƙe kashi 80.9 na girmansa, ɗayan kuwa kashi 16.3 kacal. Jaridu suka ɗauka, asibitocin kuɗi suka rataya alƙaluman a allunan tallarsu.

Amma a duba yadda aka yi. An zuba mililita 30 ɗin ne dunƙule a wuri guda, da gangan, don a samu sauƙin aunawa da cirewa daga baya. Wannan ita ce mafi munin hanyar dasa kitse, ita ce ainihin abin da Coleman ya hana. Shi ya sa ɓangaren da ba a ƙara wa komai ba ya faɗi zuwa kashi 16, adadin da ya yi ƙasa ƙwarai da abin da ƙwararren likita ke samu da hannunsa. Abin da gwajin ya tabbatar shi ne ƙwayoyin tushe masu ɗimbin yawa suna iya ceto kitsen da aka jefa cikin mummunan hali. Bai amsa tambayar da ta fi damun likita a ɗakin tiyata ba, wato ko suna ƙara wani abu a kan aikin da aka riga aka yi shi da kyau.

Da aka je amsa wannan tambayar, sai sakamako ya rarrabu. A shekarar 2013 ɗin dai, likitoci a Finland suka gwada hanyar zama ɗaya a ƙarin girman mama, ba su ga wani bambanci ba. A São Paulo ta Brazil, cikin majiyyata 14 da aka haifa da gefen fuska ɗaya a tsuke, waɗanda aka ƙara wa ƙwayoyin sun riƙe kashi 88 bayan wata shida, sauran kashi 54. Kølle ya sake gwaji a mama ya wallafa a 2020, ya samu kusan kashi 80 da kashi 45. Bayan shekara biyu wata ƙungiya a Copenhagen ɗin ta wallafa nata gwajin, inda kowace mace aka ƙara wa mama ɗaya ƙwayoyin da aka rena aka bar ɗayan haka nan, kuma bayan shekara guda duka ɓangarorin biyu suka tsaya a ɗan sama da rabi, babu wanda ya fi wani. Gari ɗaya, dabara kusan ɗaya, amsa biyu masu karo da juna.

Ni dai abin da na fahimta daga wannan ruɗani shi ne, akwai gaskiya a cikin maganar, amma ba ta kai girman tallar da ake yi mata ba. Gwaje-gwajen ƙanana ne, mutum goma, mutum ashirin. Yawan ƙwayoyin da ake zubawa ya bambanta daga wannan asibiti zuwa wancan, haka ma yadda ake auna abin da ya saura: wani da MRI, wani da hoton kamara, wani da ido. Alamun amfani sun fi fitowa a fuska, inda ake zuba kaɗan a nama mai yawan jini. Ya kuma kamata a san cewa kuɗi na cikin lamarin tun daga farko. Hedrick, wanda sunansa ke kan takardar 2001, daga baya ya shugabanci kamfanin Cytori mai ƙera na'urar tace waɗannan ƙwayoyi. Wannan ba laifi ba ne, amma dalili ne na a riƙa tambayar wa ya biya kuɗin bincike. Tun 2011 manyan ƙungiyoyin likitocin gyaran jiki biyu na Amurka suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa cewa tallar da ake yi da sunan ƙwayoyin tushe ta yi wa hujja nisa.

Sai batun da ya fi kowanne nauyi, na ciwon daji. Sinadaran da ke kiran jijiyoyin jini ba sa tantance wa za su ciyar. A kwalba da kuma jikin ɓeraye an sha ganin ƙwayoyin tushen kitse suna ƙara wa ƙwayoyin ciwon dajin mama saurin yaɗuwa. A jikin mutane labarin ya fi daɗi: binciken da aka yi a cibiyar MD Anderson ta Texas a 2016, da wani daga ƙasar Holand a 2019, ba su ga ƙarin dawowar cutar ba a matan da aka dasa wa kitse bayan tiyata. Sai dai yawancin waɗannan mata zallar kitse aka sa musu, ba wanda aka cika da miliyoyin ƙwayoyin da aka rena ba, kuma da yawansu an gano cutarsu da wuri. A Arewa kuwa kowane likitan fiɗa zai gaya maka mata sun fi zuwa bayan ƙari ya girma, wani lokaci ya fashe, bayan an zaga wajen masu magani. Macen da cutarta ta yi nisa haka, kuma ba lallai ta samu damar dawowa a riƙa duba ta duk bayan 'yan watanni ba, ba ita ce za a fara gwada mata abin da ke tsirar da jijiyoyi ba.

Akwai wani aiki da ya kamata likitocinmu su fi mayar da hankali a kansa. A 2007 Gino Rigotti na Verona a Italiya ya wallafa yadda ya yi wa mata 20 magani, waɗanda gashin ciwon daji ya ƙone wa fatar ƙirji ta yi tauri, wasu har da gyambon da ya ƙi warkewa. Ya riƙa yi musu allurar kitsensu da aka tace, sau da yawa, fatar ta yi laushi, gyambo ya rufe a kusan dukansu. Ya danganta nasarar da ƙwayoyin tushen da ke cikin kitsen, amma bai rena komai a kwalba ba. Wato kitsen da aka ɗebo da kyau ya riga ya zo da nasa ƙwayoyin. Matan da ke dawowa daga gashi a Zariya ko Sakkwato ko Gombe ko Abuja da fata a ƙone, da masu tabon wuta da ya ɗaure musu wuya ko gwiwar hannu, wannan hanya mai arha ita ce ta fi kusa da su. Haka nan waɗanda tsohon maganin ƙanjamau mai suna stavudine ya zuƙe wa kumatu kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina shi a 2010, kuma Jos na cikin garuruwan da aka fara raba magungunan da yawa. Haka ma wanda ya warke daga kuturta amma ramin da ke tsakanin babban yatsa da manuni yake tona masa asiri a kasuwa. Duka waɗannan 'yan mililita kaɗan suke buƙata, kuma idan rabi ya narke ana iya ƙarawa bayan wata uku zuwa shida.

Cutar noma, mai cinye kunci da leɓen yara masu tamowa, ta nuna iyakar abin. Asibitin yara masu wannan cuta da ke Sakkwato yana aiki tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF tana tallafa masa tun 2014, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Ramin da noma ke bari ƙofa ce a buɗe har cikin baki, sau da yawa da muƙamuƙi a kulle. Allurar kitse ba ta toshe ƙofa. Sai an juyo fata da nama da jijiyarsu daga wuya ko ƙirji ko goshi, kitse kuwa sai a ƙarshe, don daidaita kumatu. Ko a nan ma, yaron da yunwa ta kai shi ga wannan cuta ina ya ga rarar kitsen da za a narkar da rabinsa don a tace ƙwayoyi? Hanyar zama ɗaya an tsara ta ne da masu teɓa a zuci.

Game da halacci, hankalin jama'a na iya kwanciya. Cece-kucen da aka yi a Amurka da Turai kan ƙwayoyin tushe na waɗanda ake ɗiba daga ɗan tayi ne. Waɗannan kuwa daga jikin majiyyacin suke, kuma gare shi suke komawa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗauke wani sashe na jikin mutum a mayar da shi wani wuri a jikinsa idan amfanin ya rinjayi cutarwa, kuma manufar ita ce maido da siffa ko aikin gaɓa ko gyara lahani. Cocin Katolika ma, wadda ta fi kowa tsauri kan na ɗan tayi, tana goyon bayan bincike da na jikin manya.

Inda hatsari yake shi ne kasuwa. A garuruwanmu ana yawo da garin hoda a 'yan fakiti, ana cewa ƙwayoyin tushen tuffa ne ko na inabi, suna maganin suga da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki da rashin haihuwa. Ƙwayar tsiro ba ta zama naman mutum, kuma duk abin da aka haɗiya ciki narkar da shi yake yi. Wannan asarar kuɗi ce, sai kuma idan mutum ya ajiye maganinsa na asibiti saboda ita, ta zama asarar rai. Na allura ma ba su tsira ba. A 2015 wasu tsofaffin mata uku a Florida suka biya dala 5,000 kowacce aka yi musu allurar ruwan da aka tace daga kitsensu a cikin idanu biyu, da sunan maganin raunin gani. Dukansu ganinsu ya lalace, ɗaya ta makance gaba ɗaya. Mujallar New England Journal of Medicine ta wallafa labarin a 2017, kuma a 2019 wata kotun tarayya ta hana asibitin ci gaba. Ko zallar kitse ma yana kisa idan aka tura shi cikin tsokar ɗuwawu ya shiga babbar jijiya ya toshe huhu, abin da ya ci rayukan mata a ƙasashe da dama wajen neman ƙarin mazaunai. Dashen ƙwayoyin tushe da aka tabbatar da shi a Najeriya shi ne na ɓargo ga masu sikila, wanda Dakta Nosakhare Bazuaye ya fara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, kuma wannan wani fanni ne dabam.

To wace rawa Vom za ta iya takawa a wannan aiki? Garin yana da abu biyu da ba kasafai ake samunsu wuri guda ba. Akwai asibitin mishan da aka kafa a 1922, wanda yanzu ke hannun cocin COCIN. Akwai kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a garin a 1924 don yaƙi da bushiya mai kashe shanu. Walter Plowright, wanda daga baya a Kenya ya samar da rigakafin bushiya ta hanyar renon ƙwayoyin halitta a kwalba, ya yi aiki a Vom a shekarun 1950, kuma da wannan rigakafi aka kai ga shelar kawar da cutar daga duniya a 2011. Har yau ana renon ƙwayoyi a Vom don haɗa alluran rigakafin dabbobi. Ma'aikatan wurin sun san abin da aikin yake ci: akwatin ɗumi da ba ya sauka daga zafin jiki dare da rana, wutar da ba ta ɗaukewa, ruwa mai tsabta, da yadda ƙura ƙwaya ɗaya ke lalata aikin mako biyu.

Wannan ilimi jari ne, amma kada a yi gaggawa. Ƙwayar da za a mayar jikin mutum tana da sharuɗɗan da suka fi na rigakafin akuya tsanani. A ɗakunan gwaje-gwaje da ruwan jinin ɗan maraƙi aka saba ciyar da ƙwayoyi, 'yan Copenhagen kuwa sai da suka koma ga wani sinadari da ake samu daga jinin mutane a ma'ajiyar jini. Kowane zubi sai an gwada shi a tabbatar ba ƙwayar cuta, ba kuma wani sauyi da ya same shi a kwalba. Kuɗin wannan, ga majiyyacin da ke biyan komai daga aljihunsa har safar hannu da zaren ɗinki, ya ishe shi yin dashen zallar kitse sau da yawa. Abin da Vom za ta iya yi tun yanzu shi ne bincike. Likitocin fiɗa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da na Bingham, tare da likitocin dabbobi, suna iya gwada tambayoyin da suka shafe mu a jikin dabba: wace hanyar tace kitse ce ta fi kyau inda babu na'urar juyawa, a bar shi ya kwanta ne ko a mirgina shi a kan bandeji, kuma yaya kitsen jikin da ya sha tamowa yake kamawa? Ga kuma batun baƙar fata mai saurin yin tabo mai kumburi, wadda yawancin gwaje-gwajen Turai da Japan ba su ƙunshe ta ba.

Abu mafi arha da asibitocin Filato da na Arewa za su fara da shi rajista ce ta bai ɗaya. A rubuta nawa aka zuba, daga ina aka ɗebo, yaya aka tace, a ɗauki hoto a haske iri ɗaya kafin aiki da bayan wata uku da bayan shekara. Bayan 'yan shekaru za a samu alƙalumanmu na kanmu, kuma da su ne za a auna duk wata na'ura da ɗan kasuwa zai kawo ya ce tana ninka sakamako.

Kai kuma da ke da tabo, ko ɗanka ke da shi, idan aka ce za a yi maka dashen kitse, ka tabbatar likitan ƙwararre ne a fiɗar gyaran jiki kuma yana da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa. Ka tambaye shi kashi nawa yake sa ran zai zauna, sau nawa za ka dawo, kuma nawa ne kuɗin duka zagayen. Idan ya ambaci ƙwayoyin tushe, ka nemi sanin ko a ƙarƙashin gwajin da kwamitin ɗa'a na asibiti ya amince da shi ne, kuma me ya sa za ka biya kuɗin abin da ake kan gwadawa. Idan an taɓa yi maka maganin ciwon daji, kada a taɓa wurin sai da sanin likitan da ya yi maka maganin.